Daga auren gatan Kano, me ya kamata Adar ta ɗauko?

A Tawa, duk fadar da aka ɗora butar shayi a kan gawayi, kafin a sha na uku hira ta gangara Najeriya. Da wuya ka sami gida a Adar da ba wanda ya taɓa cin rani a Kano ko Legas ko Fatakwal. Daga Ƙonni zuwa Illelar Sakkwato ɗan kabu-kabu ma kai ka yake yi, ga kuma wayoyi cike da wa'azin malaman can da rigimar 'yan siyasarsu. Cikin maganganun da suka fi daɗewa a bakin samari akwai ta auren gata, wanda wasu ke kira auren zawarawa: gwamnati ta tara ɗaruruwan maza da mata, ta biya sadaki, ta sayi gado da katifa, a ɗaura a rana ɗaya. Kullum hirar a wuri guda take tsayawa: "Mu me ya hana tamu gwamnatin ta yi mana?"

Abin ya fara ne a Kano a 2012, a zangon mulkin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, lokacin da Hukumar Hisba ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta ɗaura aure 100 a karon farko. A ƙarshen 2013 aka ɗaura 1,111 a tashi ɗaya. A watan Oktoba na 2023 gwamna Abba Kabir Yusuf ya maimaita da aure 1,800, aka ware sama da naira miliyan 800, aka biya wa kowace amarya sadaki naira 50,000, aka ba ta jarin naira 20,000, ga gado da katifa da kayan abinci. In ka raba kuɗin, kowane aure ya ci fiye da naira 400,000.

Su kansu 'yan Najeriya bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya a kan wannan ba. Masu jar hula, wato magoya bayan Kwankwaso, na cewa sunna aka raya, an rufa wa zawarawa da marayu asiri. 'Yan adawa na cewa kamfe ne da kuɗin talakawa. Mutanen kudu kuwa, a intanet, tambayarsu ita ce aji nawa waɗannan kuɗin za su gina. A watan Mayu na 2024 rigimar ta kai har Abuja, sa'ad da kakakin majalisar dokokin jihar Neja, ta Minna nake nufi ba ƙasarmu ba, Abdulmalik Sarkindaji, ya ce zai ɗauki nauyin aurar da marayu 100 a Mariga, 'yan matan da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye. Ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta ce sai an binciki shekarunsu da yardarsu, malamai suka yi mata ca, daga baya aka sasanta. Kowa ya faɗi tasa, kuma kusan duk a kan ranar ɗaurin auren suke magana.

Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. A tsarin Hisba akwai abu biyu da suka fi gadon da katifar daraja nesa ba kusa ba, kuma su ne ba sa fitowa a hoto. Kafin a karɓi mutum sai an auna jininsa, har an sha cire wasu daga layi saboda abin da gwajin ya nuna. Sannan an gindaya wa angwaye sharaɗi cewa ba mai sakin matarsa sai ya koma gaban hukumar. Waɗannan biyun ba sa buƙatar miliyan 800, ba sa ma buƙatar gwamna ya zo da jiniya. Su ya kamata mu tsallako da su ta Ƙonni, mu bar musu taron.

Dalilin da ya sa ban damu da gadon ba mai sauƙi ne. Gado bai taɓa kashe aure ba, cefane ke kashe shi. Wanda aka biya wa sadaki ranar Juma'a, ranar Asabar shi zai nemo kuɗin gero da na miya, kuma haka zai yi ta yi har ƙarshen zaman. Jarin naira 20,000 ko a ranar da aka ba da shi bai wuce na tuyar ƙosai ba. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, 'yan ci-raninmu sun fi kowa sanin abin da ya faru. Shekaru da dama kafin nan jaka guda ta sefa, wato sefa dubu, ba ta wuce naira ɗari uku da wani abu ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Yaro ya shekara yana tura baron ruwa a Legas, ya ɗauro damin naira, ya zo Ƙonni wajen 'yan canji, abin ya narke a hannunsa ya koma 'yan takardun da ba su cika aljihu ba. Sadakin nan na naira 50,000 da ake yi wa tafi, a canjin kasuwa na lokacin wajen jaka 30 ne. A Tawa akwai gidan da za ka kai jaka 30 a ce maka kuɗin gaisuwar iyaye ka kawo.

To, bari mu zo kan gwajin, don a nan ne aka fi yin kuskure, har da masu ilimin boko.

Kuskure na farko shi ne haɗa rukunin jini da nau'in jini. Mutum zai zaro kati ya ce "ni O ne, ba ni da matsala." O da A da B da AB rukuni ne, amfaninsu ranar ƙarin jini. Abin da ya shafi sikila, wato amosanin jini, daban ne: AA, AS, SS, AC, SC. Mai O na iya zama AS, kuma katin da aka ba shi ranar da ya ba wani jini ba zai faɗa masa ba. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma, yana kokawa, ba abin da ke nuna yana ɗauke da komai. A ƙasashenmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar haka yake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da cutar, wajen 150,000 a shekara, kuma jinin da ke Sakkwato da Katsina shi ne a Ƙonni da Madawa.

Kuskure na biyu yana wajen lissafi. In AS ya auri AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu zai fito SS, sai mutane su ɗauka ai na huɗun ne kawai, a haifi uku a tsaya. Ba haka ba ne. Ka ɗauka an sa goro huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja, an rufe maka ido. Kowane ciki hannu ɗaya ne za ka sa ka ɗauko, sannan a mayar da goron a sake girgizawa. Akwai wanda zai sa hannu sau shida bai taɓa jan ba, akwai wanda zai ɗauko shi sau uku a jere. Shi ya sa misalin "ga wane da wance can sun haifi bakwai lafiya" ba hujja ba ne. Haka nan AS da AC na iya haifar SC, wadda ita ma sikila ce ko da ta fi sauƙi a mafi yawan lokuta, tana kuma taɓa ido da ƙashin ƙugu. Amma AA da AS ba sa haifar mai cutar. Har mai SS in ta auri AA, 'ya'yanta duka AS za su fito, ba mai ciwon a cikinsu. Wannan ya kamata a yi ta nanatawa, domin an mayar da 'yan mata masu sikila kamar waɗanda aka haramta wa aure, alhali abin da suke buƙata miji mai AA ne da kulawar likita lokacin goyon ciki.

Na uku yana ɗakin awo. Akwai gwaji mai araha da ake kira Emmel, wanda ake ɗiga jini a gilashi a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. Yana nuna akwai S, amma ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C ko kaɗan. Wanda aka ce masa "babu" a Emmel zai tafi yana cewa shi AA ne, alhali mai yiwuwa AC ne. Abin da za ka roƙi likita ya rubuta maka shi ne elektroforez, shi ke fito da haruffan biyu ƙarara. Kuma duk wanda aka yi wa ƙarin jini a cikin wata uku da suka wuce ya dakata, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa, sakamakon zai yi ƙarya. In sakamako biyu suka saɓa, a je wuri na uku, kada a zaɓi wanda ya yi wa zuciya daɗi. Kuɗin gwajin bai kai na turmin atamfa mai kyau guda ba, a lefen da ake zuba turmi goma ko ashirin.

Ga yadda maganar ke kasancewa a tsakar gida. Yaro ya dawo daga asibiti da takarda, ya durƙusa gaban ƙanwar babansa, wadda ita ce ta kai goron tambaya.

"Gwaggo, likita ya ce ni AS ne, ita ma AS ce."

"To sai me, ɗan nan? Ni da kawunka wa ya auna mu? Tara na haifa. Cuta da lafiya na Allah ne, kada ka ja mana abin kunya, an riga an sa rana."

Tambayar da kunya ke hana yaron yi ita ce, cikin taran nawa suka girma. Ba kowace mutuwar yaro ce sikila ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda sun ɗebi nasu. Amma a cikin matan da aka yi ta kira masu wabi, ana canza musu gida, ana yi wa jariransu tsaga da sunaye na ban tausayi don su tsaya, akwai waɗanda ba abin da ke tsakaninsu da mazansu sai haruffan nan biyu. Jaririn yana zuwa sumul, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi. Sai ya kai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura, ido ya yi rawaya, ya yi ta tsala kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. In hunturu ya shigo, uwar ba ta da barci. Cibiyar ƙasa da ke kula da masu cutar tana Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa, kuma kowane tashin ciwo kuɗin mota ne, da na magani, da neman mai ba da jini. Auren da aka ƙi fasawa don kunyar kwana bakwai, sau da yawa a kan wannan wahalar yake mutuwa, bayan dangin miji sun gama cewa ita ce ta kawo musu ciwo.

Gwaggo ta yi gaskiya a abu ɗaya: an riga an sa rana. Wannan shi ne babban aibin yadda ake gwajin, a can da nan. Ana bari sai an kai lefe, an ɗinka anko, an buga kati, saura mako guda, sannan a tuna da asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin ba wanda ke neman gaskiya, takarda kawai ake nema. Wurin gwaji shi ne tsakanin "na gani ina so" da kai goro, lokacin da maganar ba ta wuce mutum huɗu ko biyar ba, in an janye ba wanda zai ji. Mafi kyau ma, kowane yaro da yarinya su san nau'in jininsu tun suna lakwal, domin ba ya canzawa har mutuwa, sau ɗaya ake yi in an yi shi daidai. Masu auren zumunci su suka fi kowa buƙata: in kaka ɗaya ce ta ba ku S ɗin, ɗan wa da 'yar ƙani na iya ɗauke da shi su biyun.

Sida, wato ƙanjamau, da ciwon hanta nasu tsarin daban ne, domin su ana iya kamuwa da su gobe. Gwajin sida na iya kasa ganin cutar in ba a daɗe da ɗaukarta ba, don haka ake so a yi, a sake bayan wata uku. Ciwon hanta nau'in B ya fi sida yawa a cikinmu nesa ba kusa ba, kuma shi ba dalilin fasa aure ba ne. In ɗaya na da shi, ɗayan a yi masa allurar rigakafi, guda uku: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. In uwa ce ke da shi, a yi wa jariri tasa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Ko sida ma, wanda ke shan magani a kan ƙa'ida har ƙwayar ta kwanta a jininsa yana aure ya haihu lafiya. Abin da ba ya halatta shi ne ɓoyewa. Sannan a tuna da uwargida. Mai ƙara aure yakan kai amarya awo shi ya tsaya a bakin ƙofa yana danna waya, kamar jininsa ya wuce bincike. Duk abin da ya shigo ɗaki ɗaya zai zagaya sauran ɗakunan, kuma wadda ta shekara ashirin a gidan ba wanda ya nemi shawararta.

A watan Mayu na 2024 Kano ta mayar da gwajin doka: ba a ɗaura aure sai da takardar awon nau'in jini da sida da ciwon hanta, wanda ya saɓa kuma yana fuskantar tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar. Coci-coci da yawa a kudancin Najeriya sun daɗe suna neman irin wannan takarda kafin su ɗaura. Niyyar mai kyau ce, amma duk inda aka ce sai da takarda, an buɗe wa masu sayar da takarda kasuwa. Maganin wannan shi ne su biyun su je tare, wuri ɗaya, a ɗebi jinin a gaban juna, su karɓi sakamako tare daga hannun ma'aikacin lafiya wanda zai zaunar da su ya yi musu bayani. Liman ba ya buƙatar sanin wa ke da me. Abin da ya shafe shi shi ne shaidar cewa an yi awon kuma kowa ya ji na ɗan'uwansa. In aka fara miƙa wa waliyyai da 'yan rakiya sakamako a buɗe, kafin la'asar unguwa ta ji, yarinya ta rasa wannan mijin ta rasa na gaba. Daga ranar kuwa ba mai sake zuwa awo da gaskiya.

Ban ga dalilin jiran majalisa ba a nan. In limaman Juma'a na Tawa da sarakunan gargajiya suka yi magana ɗaya cewa ba sa karɓar goron ɗaurin aure sai an nuna shaidar awo, a wata shida abin zai zama al'ada, kamar yadda anko ya zama al'ada ba tare da wata doka ba.

Sai batun rubutu, wanda ba ya cin ko dala. A wajen ɗaurin aure ana ambaton sadaki da baki, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an biya lakadan, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, a watse. Bayan shekara huɗu in zama ya ƙi, mace ta nemi hul'i, sai ka ji lissafin da miji zai kawo: akwatunan lefe, kuɗin gaisuwa, wayar da ya saya mata suna zance, har kuɗin kabu-kabun da ya riƙa biya. Shaidun kuwa ɗaya ya rasu, ɗaya yana Abijan. A mazhabar Malikiyya da muke bi mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, giram ɗaya da ɗan ɗoriya na zinariya, kuma haƙƙin matar ne ita kaɗai, ba na uba ko kawu ba. Takarda guda ta isa: sadaki nawa ne, nawa aka biya, nawa ya rage bashi da ranar biyansa, lefe kyauta ne ko yana cikin sadaki, kayan ɗakin da iyayenta suka kawo mene ne da mene ne, in an yi alkawarin za ta ci gaba da karatu ko sana'a a sa shi. Waliyyai biyu da shaidu biyu su sa hannu. Kayan ɗaki nata ne, amma sau nawa miji ke sayar da gadon ko firjin "kafin kaka", kakar kuma ba ta zuwa?

Bayan wannan akwai takardar aure ta gidan magajin gari. Doka ta ba da kwana 60 a je a bayyana auren. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta wajen alƙali, da shaidu, da jeka-ka-dawo. Mutane na ɗauka ta ma'aikata masu albashi ce kawai masu neman kuɗin iyali a CNSS, asusun ƙasa na kula da ma'aikata. Amfaninta na fitowa ne ranar da ba a so: miji ya rasu a wajen ci-rani ko a bakin aiki, matar ta je neman haƙƙinsa, a ce ta kawo shaidar ita matarsa ce, ga 'ya'ya biyar a bayanta amma ba ta da abin nunawa.

Sharaɗin Hisba na biyu, na hana saki sai an koma gabanta, shi ne ya fi ba ni sha'awa, ko da yake ba kowa ke cika shi ba. Abin da ya yi shi ne tilasta wa namiji ya kwana da fushinsa. Shari'a ma abin da ta tsara ke nan, mu ne muka watsar. Saki ɗaya ake yi, a cikin tsarkin da bai kusance ta ba. Ta zauna a ɗakinta ta yi idda, tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini, ko har ta haihu in tana da ciki, kuma ci da sha da wurin kwana duk a wuyansa. An yi haka ne don a bar ƙofar kome a buɗe. Dubi abin da muke yi: a yage takarda daga littafin ɗan lakwal, a rubuta uku a tashi ɗaya, a miƙa mata da dare, ta kama hanyar gidansu da goyo a baya. Kwana uku sai ga shi yana zagaya zaurukan malamai yana neman wanda zai ce masa ukun nan ɗaya ne, in bai samu ba a fara raɗe-raɗin auren kisan wuta, wanda kowa ya san haramun ne. 'Ya'ya kuma a bar wa kakansu na wajen uwa ciyarwa, alhali ciyar da su na uba ne ko uwar tana gidan ko ba ta nan. A fiƙihun Malikiyya uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma al'ada ta sa ana karɓe yaro yana shekara bakwai kamar bashi. A Yamai, wanda ya taɓa wucewa ta ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da safe ya ga masu jiran a raba musu irin wannan gardama. A kotu kuma alƙali na zama da mashawartan al'ada, shi ke ba da takardar shaidar saki, wadda mata da yawa ba sa sanin suna buƙatarta sai wani auren ya zo.

Na san abin da za a ce: duk wanda ya taɓa dokar iyali a ƙasashen nan ya taɓo gidan rina. Haka ne. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo maganar dokar da za ta hana wanda ba shi da halin ciyarwa ƙara aure, aka yi masa caa, har yau ana jifansa da ita. A nan Nijar majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2006, daftarin dokar iyali na 2011 kuma ƙungiyoyin addini suka taso masa aka janye shi. Ɗan siyasa ya ga haka, ya gane raba katifa ya fi masa sauƙi da riba. Amma waɗancan an kawo su ne a dunƙule, da shekarun aure da gādo da mace fiye da ɗaya duk a tulu guda, ga zargin cewa daga waje aka turo su, mutane suka fasa tulun gaba ɗaya. Awon jini kafin goro, rubuta sadaki, idda a ɗakin miji, ciyar da 'ya'ya bayan saki: wane malami ne zai hau mumbari ya ce ɗaya daga cikinsu ya saɓa wa addini? Biyun ƙarshe ma shi ya kamata ya riga kowa faɗa.

Wanda abin ya fi wuya a kansa shi ne ɗan ci-rani, domin shi a gaggauce yake aure. Yakan dawo gab da damina ko kafin babbar salla da mako uku a hannu, iyaye sun riga sun zaɓa, a ɗaura, ya kwana goma sha, ya koma. Wata ukun da ake so tsakanin gwajin sida na farko da na biyu ba ya samuwa. Hanyar da ta fi ita ce a fara tun yana can: ya yi elektroforez da awon hanta da na sida a asibitin gwamnati na garin da yake, lokacin da aka fara yi masa maganar yarinyar a waya, ita ma a kai ta nata a Tawa ko Ƙonni ko Galmi, su gaya wa juna kafin a kai goro. In ya sauka gida, a makon farko su je tare a maimaita na sida da na hanta, nau'in jini kuwa a sake shi ne kawai in takardar da ya zo da ita ba ta da tambarin asibitin da aka sani. Takardar sadaki a yi ta biyu, ɗaya wajen waliyyin amarya, ɗaya wajen ango, kowa ya ɗauke ta hoto a waya saboda gara da ruwan sama. Zuwa gidan magajin gari kuma a yi shi kafin ya hau motar komawa, don in ya tafi, kafin ya sake waiwayo gida kwana 60 sun daɗe da cika.